Clan of Xymox: babban kamfani ne ya raya su, ko 'yan tsirarun masoyansu?

Kawu Ɗanlami:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganar mawaƙa da kamfanonin faifai da aka faro ba ta ƙare min ba, shi ya sa na ware mata wuri daban. Maimakon kowa ya riƙa jefo sunaye, ina so mu ɗauki ƙungiya guda mu bi ta daga tushe. Na zaɓi Clan of Xymox ta ƙasar Holan, masu kiɗan goth (kiɗan Turawa mai cike da baƙin ciki, wanda aka san masoyansa da baƙaƙen kaya) da ake cakuɗawa da kiɗan na'ura, domin babu irin kamfanin da ba su zauna a ƙarƙashinsa ba.

Ronny Moorings da Anka Wolbert ne suka fara a garin Nijmegen a farkon shekarun 1980, Pieter Nooten ya zama na ukunsu. A 1983 suka buga ƙaramin faifai mai suna Subsequent Pleasures, kwafi 500 kacal, da kuɗin aljihunsu. Ronny ya yi kiciɓis da Brendan Perry na ƙungiyar Dead Can Dance a wani gidan abinci, ya miƙa masa kwafi ɗaya, shi kuma ya gayyace su su riƙa buɗe musu wasa a rangadin Ingila. Ta nan Ivo Watts-Russell, mai kamfanin 4AD na Landan, ya ji su ya ɗauke su. Albam biyu suka yi masa, na farko mai sunan ƙungiyar a 1985, sai Medusa a 1986. Daga nan suka koma Wing, reshen babban kamfanin PolyGram, aka gajarce sunan ya koma Xymox kawai, suka fitar da Twist of Shadows a 1989 da Phoenix a 1991. Bayan Phoenix, Anka da Pieter suka kama gabansu.

Abin da na tsaya a kai shi ne, shekarun PolyGram ne suka kusa binne wannan ƙungiya. Wanda ya tono ta kuwa ba wani attajirin kamfani ba ne, mutanen nan ne masu baƙaƙen kaya da ba su taɓa daina sayen faifansu ba. Ronny ya koma wurinsu a 1997, ya maido da cikakken sunan, kuma tun daga lokacin bai sake tsayawa ba. Albam ɗinsa Exodus a 2024 ya fito. Ku faɗi naku.

Mai Kibod:
Wa alaikumus salam Kawu. Ranka ya daɗe, ni fa a sitidiyo nake kwana nake tashi, don haka lissafi nake fara dubawa. Adadin da ake bayarwa na Twist of Shadows ya kai wajen kwafi 300,000. Daga 500 zuwa 300,000 cikin shekara shida. Waƙarsu Imagination ta shiga jerin waƙoƙi 100 na Billboard a Amurka, ta kai lamba 85. A 4AD ba su taɓa jin ƙanshin wannan ba. Ta yaya za a ce kamfanin da ya kai su can shi ne ya binne su?

Kawu Ɗanlami:
Ɗana, ban ce Twist of Shadows bai yi kasuwa ba, ban kuma ce ba shi da daɗi. Dubi abin da ya biyo baya. Da zarar ka sayar da 300,000 a babban kamfani, na gaba sai ya wuce haka, in bai wuce ba an gama da kai. Phoenix ya fito a 1991 yana bin kiɗan rawa da ake yayi a Ingila a lokacin, bai yi kasuwar na baya ba, kuma a shekarar ce 'yan ƙungiyar Nirvana suka juya kunnen Amurka gaba ɗaya zuwa jita mai ƙara. Kafin ka ce kwabo ba kamfani, ba Anka, ba Pieter. Ronny ya yi albam biyu a ƙaramin kamfanin Zok, Metamorphosis a 1992 da Headclouds a 1993, duka na rawa. Masu zuwa gidan rawa ba su karɓe shi ba, tsofaffin masoya kuma ba su gane shi ba.

Ummi Damagaram:
Sannunku. Kawu, ina tare da kai a wani wuri, amma akwai abin da ka tsallake kuma shi ya fi damuna. Kana cewa "ƙungiyar ta dawo a 1997". Wace ƙungiya? Mutum ɗaya ne ya dawo da sunan mutum uku.

Duk wanda ya zauna ya saurari Medusa da kunnen basira zai ji hannu uku a ciki. Ronny ne mai jita da muryar namiji mai nauyi. Anka tana kaɗa jitar bes, tana rubuta nata waƙoƙin, tana rera su da muryarta mai sanyi wadda ba ta tilasta wa kunne. Pieter kuma shi ne mai shimfiɗa sautin kibod ɗin nan mai faɗi da ke sa waƙa ta yi zurfi. In kana so ka tabbatar da rabon Pieter, nemi albam ɗin da ya yi da Michael Brook a 1987, Sleeps with the Fishes, shi ma a 4AD. Za ka ji rabin ruhin Medusa a can. Ita waƙar da Mai Kibod ya ambata wadda ta shiga Billboard, ai Anka ce ta rera ta. Yau in aka ce Xymox sai a nuna hoton Ronny shi kaɗai, matar da muryarta ta kai su inda ba su taɓa kaiwa ba ta zama 'yar ƙaramar magana a gefe. Wannan yana min ciwo.

Malam Sabo:
Ku yi haƙuri in katse ku. Na buɗe hotunan mutanen nan na gani, baƙaƙen kaya, kwalli rangaɗau har maza, gashi a tsaye, fuska fari fat. Tsakani da Allah ba matsafa ba ne? Na ji ana cewa masu irin wannan shigar shaiɗan suke bauta wa. Ina tambaya ne don akwai yara a zauren nan.

Anti Jummai:
Malam Sabo, tambayarka tana kan hanya, kuma gara da ka yi ta a fili. Ni a kusa da Leipzig nake zaune a Jamus, garin da Ronny Moorings ya koma da zama, kuma garin da ake babban taron masu wannan kiɗa, Wave-Gotik-Treffen. Tun 1992 ake yin sa kusan duk shekara a hutun Fentikos na Kiristoci, mutane wajen 20,000 suke zuwa daga ƙasashe daban-daban. Kwana huɗu jiragen ƙasa na cikin gari cike suke da masu baƙaƙen kaya, don tikitin taron ya haɗa da kuɗin hawa. Babban filin yana Agra a kudancin gari, amma wasannin suna warwatse a wurare da dama, har da gidajen kiɗan gargajiyar Turawa. Akwai ranar da suke fita lambun Clara Zetkin da tufafin zamanin Sarauniya Biktoriya, su shimfiɗa tabarmi su ci abinci, 'yan gari su zo kallo da 'ya'yansu.

Abin da na gani da idona, mutane ne masu aiki kamar kowa. Akwai malaman makaranta, ma'aikatan asibiti irina, masu aikin kwamfuta, da yawa sun haura hamsin, wasu da jikoki. Goth ba addini ba ne, ba su da wani abin bauta da ya haɗa su. A cikinsu akwai Kirista, akwai wanda bai yarda da komai ba, akwai kuma 'yan kaɗan masu rataya alamomin da ni ma ba na so in gani. Ba zan ce maka duk abin da ake yi a wurin ya dace da tarbiyyarmu ba, ana shan giya, akwai shigar da ba zan bar 'yata ta yi ba. Amma waƙoƙin Xymox kam na san abin da ke cikinsu: rabuwa, kaɗaici, kewar wanda ya tafi, zargin kai, tsoron abin da duniya ke zama. Baƙin ciki suke rerawa.

Kuma wannan zato na cewa su mugaye ne ya taɓa cin rai. A 2007 a garin Bacup na Ingila wasu samari suka yi wa wata yarinya 'yar shekara 20, Sophie Lancaster, dukan da ya zama ajalinta, ba don komai ba sai shigarta. Mahaifiyarta ta kafa gidauniya da sunanta don yaƙi da irin wannan ƙiyayya. Shi ya sa nake taka-tsantsan da yanke wa mutum hukunci daga tufafinsa.

Malam Sabo:
Allah Ya kyauta. Na gode Hajiya da bayani. Ni dai matsayina a kan kiɗa kun san shi, bai canza ba, amma na fahimci ba abin da na zata ba ne. Ku ci gaba, ina karantawa.

Lawwali Rotterdam:
Barkanku. Bari in sa baki a maganar Kawu da Mai Kibod, don ina ganin kowannensu ya riƙe rabin gaskiya.

Mai Kibod, kwafi 300,000 ba ya nufin kuɗin kwafi 300,000 ɗin ya shiga aljihun mawaƙi. Yadda manyan kamfanoni suke aiki a wancan zamani, kuma har yau bai canza sosai ba, shi ne su ba ka kuɗin kafin alƙalami, su biya sitidiyo mai tsada, su ɗauko furodusa mai suna, su biya bidiyo. Duk wannan bashi ne a kanka. Daga ɗan kasonka na kowane faifai ake cirewa har a gama biya, sannan ka fara ganin wani abu. Bayan an gama biyan ma, asalin naɗin waƙar na kamfani ne. Twist of Shadows aiki ne mai tsada, Peter Walsh ne furodusa, wanda ya yi aiki da Simple Minds, kuma Tony Visconti, mutumin David Bowie, ya tsara musu kiɗan goge a ciki. Irin waɗannan mutane ba a kiran su da araha. PolyGram kuwa, wanda kamfanin Philips na nan Holan ya mallaka, an sayar da shi a 1998 aka narkar da shi cikin Universal. Ka ga mutanen da suka sa hannu da kai ma ba sa nan, takardunka suna hannun waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba.

Amma Kawu, kai ma kada ka manta da abu ɗaya. Masoyan da Ronny ya tarar a Amurka da ya dawo a 1997, da yawansu ta Twist of Shadows suka san shi, a gidajen rediyon jami'o'i da gidajen rawa. Kuɗin PolyGram ne ya kai sunan can. Da a 4AD kaɗai suka tsaya, da sun zama ƙungiyar da masana ke yabo, su yi albam uku su ɓace. Ya ci moriyar tallan da babban kamfani ya yi masa shekaru bayan kamfanin ya sake shi.

Kawu Ɗanlami:
Lawwali, na yarda sunan ya yaɗu ta can. Inda ban yarda ba shi ne cewa da sun ɓace a 4AD. Dead Can Dance ba su ɓace ba, a 4AD suka zauna suka yi girma a hankali. Cocteau Twins sun shekara kusan takwas a can kafin su fita. Ivo mutum ne da ke ɗaukar mawaƙi don kunnensa ya so abin, ba don akawu ya ce a ɗauka ba. Dubi bangon faifan ma, aikin Vaughan Oliver da Nigel Grierson, mutane suna sayen faifan 4AD ba su san mawaƙin ba, don sun amince da gidan. John Peel na BBC ya kira Xymox sun naɗi waƙoƙi a shirinsa har sau biyu a 1985. Wannan daraja ce da kuɗi ba ya saye. Suka bar ta suka bi kasuwa, kowa ya bar gida kuwa gida ya bar shi.

Lawwali Rotterdam:
Daraja ba ta biyan kuɗin haya, Kawu. Matasa ne 'yan shekara ashirin da wani abu, an ajiye musu kwantiragi daga ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya. Ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Kuma su Cocteau Twins ɗin da ka kawo, ai su ma daga baya Fontana suka koma, wanda shi ma na PolyGram ne.

Mai Kibod:
Yaya Lawwali, abin da nake so in gane, tun 1997 da me yake ci? Sama da shekara ashirin da biyar ba ya rediyo, ba ya talabijin. Ni wannan ne ya fi ba ni mamaki, ba tarihin 4AD ba.

Kawu Ɗanlami:
Yauwa, ka zo inda nake so a zo. Ka lura da lokacin da ya dawo. A tsakiyar shekarun 1990 kiɗan goth ya mutu a idon jaridun Ingila inda aka haife shi, wurin su Bauhaus da Siouxsie and the Banshees da Sisters of Mercy. Amma a Jamus sai ya yi saiwa. Suna da mujallunsu irin su Zillo da Orkus da Sonic Seducer, suna da gidajen rawarsu, suna da ƙananan kamfanoninsu, suna da bukukuwansu. Kasuwa ce cikakkiya wadda ba ta jiran kowa ya ba ta izini. Ronny ya gano cewa a can har yanzu ana sa waƙoƙinsa na 1985 ana rawa. Sai ya yi Hidden Faces a 1997 a ƙaramin kamfanin Tess na Amurka, ya ɗauko David M. Allen, wanda ya yi aiki da The Cure, don a maido da sautin da aka san su da shi. A 1999 ya fitar da Creatures, ya shiga Metropolis na Philadelphia, kamfanin da marigayi Dave Heckman ya kafa don irin wannan kiɗan kaɗai. A Turai kuma Pandaimonium, daga baya Trisol, duk na Jamus.

Daga nan sai aiki ba ƙaƙƙautawa. Notes from the Underground a 2001, Farewell a 2003, Breaking Point a 2006, In Love We Trust a 2009, Darkest Hour a 2011, haka har yau, kusan duk shekara biyu ko uku. Shi yake rubutawa, shi yake kaɗawa, shi yake naɗa a sitidiyonsa. Mojca Zugna, wadda ta daɗe tana kaɗa musu bes, ita ce ta riƙa tsara bangon faifai. Ba a biyan wani na waje sai abin da ya zama dole. In ka sayar da kaɗan amma ba wanda ke bin ka bashi, ka fi wanda ya sayar da yawa yana cikin bashi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai kuma wasa a dandamali, nan ne abincin yake. Leipzig, bikin M'era Luna a Hildesheim da ake yi duk watan Agusta, Castle Party a tsohuwar fadar Bolków a Folan inda har albam na wasan kai-tsaye suka naɗa, sannan rangadin Amurka da Meziko da Kudancin Amurka, inda suke da masoya masu zafin so. Ana sayar da riguna da faifai a bakin ƙofa, kuɗin hannu da hannu.

Anti Jummai:
Kawu, bari in ƙara maka hujja a kan mutanen nan. A shekarar 2000 masu shirya taron Leipzig suka karye ana tsakiyar biki, kuɗi ya ƙare, masu gadi da ma'aikata suka janye. A wani wurin da tarzoma za a yi. Su kuwa sai mahalarta suka karɓi aikin da kansu, ƙungiyoyi da dama suka hau dandamali suka yi wasa kyauta, aka ƙarasa lafiya. Shekara ta gaba aka dawo da sababbin masu shiryawa. Tsofaffin 'yan garin har yau suna ba da labarin. Jama'ar da za su yi haka su ne za su riƙe mawaƙi shekara talatin.

Ummi Damagaram:
Duk na ji, kuma ban raina juriyar mutumin ba. Amma ku bar ni in faɗi abin da masu son sa ba sa so a faɗa. Riƙon da masoya suke yi wa mawaƙi shi ma yana da farashi. Babban kamfani yana cewa ka canza ka bi kasuwa. Su kuma waɗannan suna cewa kada ka kuskura ka canza. Ka ɗauki albam biyar na Xymox na bayan 2000 ka gauraya waƙoƙin, da wuya ka ce wannan ta wace shekara ce. Injin ganga iri ɗaya, jita mai amsa-kuwwa iri ɗaya, murya a ƙasa iri ɗaya. A Creatures ma ya matsa kusa da salon Sisters of Mercy sosai, don shi ne abin da gidajen rawar Jamus suke so a lokacin. To wannan 'yanci ne, ko dai an canza ubangida ne kawai?

A 1986 ba wanda ya san abin da waƙa ta gaba a Medusa za ta zo da shi, saboda mutum uku ne suke ja, kowa da inda yake so a nufa. Wannan ja-in-jar ce ta haifi kyawun. Yanzu ba mai ce masa a'a.

Kawu Ɗanlami:
'Yata, maganarki tana da nauyi, ba zan ture ta ba. Gaskiya ne babu albam na baya da ya kai Medusa a wurina. Amma ban yarda cewa duk ɗaya suke ba. Farewell ya karkata ga na'ura sosai, kusan kiɗan rawa ne mai duhu. Spider on the Wall na 2020 ya koma laushin shekarun farko, ki saurare shi ki gaya min in ba ki ji ƙanshin 4AD ba. Limbo na 2021 kuwa a cikin kullen korona aka rubuta shi, lokacin da aka rufe duk wuraren wasa, mutumin da abincinsa ke kan dandamali ya zauna a ɗaki yana rera abin da ke faruwa da shi da kowa. Wannan ba maimaici ba ne.

Kuma batun suna. Anka da Pieter sun tafi a 1991, kowa ya bi hanyarsa, Anka ta fitar da nata albam Cocoon Time a 2006, Pieter ya ci gaba da nasa kiɗan mai sanyi. Shi ya zauna ya ɗauki nauyin, ya sha shekarun da ba wanda ke tambayarsa. Da bai riƙe sunan ba, ke da aka haifa bayan an yi Medusa ta ina za ki ji labarin Anka? Wasanninsa ne suke tura sababbin yara su koma su nemi tsofaffin faifan.

Ummi Damagaram:
Ta intanet na same su, Kawu, ba ta wasansa ba. Kuma ta hanyar wasu ƙungiyoyi na bi har na iso. Na fara da She Past Away na Turkiyya, daga su na koma baya ina neman inda suka samo sautin. Na yarda ya riƙe sunan da rai. Abin da nake nema kawai, duk wanda zai ba da tarihin nan ya ambaci mutum uku, kada ya mai da shi labarin gwarzo ɗaya.

Lawwali Rotterdam:
Tunda Ummi ta ambaci She Past Away, akwai abin lura a nan. Xymox 'yan Holan ne amma da Turanci suka yi waƙa tun ranar farko, don a 1985 in kana son kamfanin Landan ya saurare ka ba ka da wata hanya. Ƙasarsu ma ba ta taɓa ɗaukar su da muhimmanci ba. Ni da nake zaune a nan, in na ambaci sunansu ga abokan aikina 'yan ƙasa, yawanci ba su san su ba, alhali a Meziko ana cika musu wuri. Su kuwa She Past Away, da suka fito daga Bursa, da Turkanci suke rerawa kuma suna zagaya duniya da shi. Molchat Doma na Minsk da Rashanci suke yi, a 2020 waƙarsu ta bazu a TikTok wurin yaran da ba su jin kalma ɗaya. Hanyar da su Ronny suka share ce, ta ƙananan kamfanoni da bukukuwa da masoya masu neman abu da kansu, ta ba waɗannan damar su tsaya da harshensu.

Mai Kibod:
Wannan ya taɓa ni, don kullum ana ce mana sai mun sa Turanci kafin a ji mu a waje. Amma Yaya, zamaninsu ana sayen faifai. Yanzu sauraro ake a waya. Wanda zai fara yau zai iya bin hanyar Ronny?

Lawwali Rotterdam:
Da wuya fiye da da a wani fanni, da sauƙi a wani. Naɗin waƙa ya yi araha, abin da Xymox suka je Edinburgh suka yi a sitidiyo a 1985 kai kana iya yin kusa da shi da kwamfutarka. Amma kuɗin sauraro a manhaja ba ya riƙe ƙaramin mawaƙi. Tun 2024 Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba. Shi ya sa masu irin wannan kiɗan suka rungumi Bandcamp, inda mai saye yake biya kai tsaye, manhajar ta ɗauki kashi 15 cikin ɗari na waƙa, kashi 10 na kaya irin riga da faifai, mafi yawan sauran na mawaƙi da kamfaninsa. Faifan garmaho ma ya dawo a wurinsu, suna saye don su ajiye. Sai dai duk wannan yana aiki ne in akwai jama'ar da suka saba biya. Su goth sun gina wannan ɗabi'a shekara arba'in. Ronny bai ƙirƙire ta ba, ya same ta ne ya kuma yi mata biyayya.

Anti Jummai:
Kuma yana girmama su, wannan ma a faɗa. Ba ya hawa dandamali ya ƙi yin tsofaffin waƙoƙi don wai ya gaji da su. Yana haɗa na 1985 da na bana a dare ɗaya. Za ka ga uwa da 'yarta a sahu ɗaya, kowacce da waƙar da take jira.

Mai Kibod:
To ni ga dalilin da ya sa na nace da tambaya. Akwai wani kamfani da ya turo wa yaron da nake yi wa kiɗa takarda, ba zan faɗi suna ba. Za su ba shi kuɗi a dunƙule, su yi masa bidiyo uku, amma duk waƙoƙin da zai yi cikin shekara biyar nasu ne, kuma ba a rubuta ranar da za su dawo hannunsa ba. Yaron yana so ya sa hannu gobe-gobe. Mahaifinsa ya ce in ba shi shawara.

Kawu Ɗanlami:
Ni dai da ɗana ne, cewa zan yi ya haƙura ya gina nasa a hankali.

Lawwali Rotterdam:
Ni ba zan ce kada ya sa ba, Kawu, don ban san halin gidansu ba, kuma tallan kamfani yana da amfaninsa kamar yadda na faɗa a sama. Amma kada ya sa gobe. Mai Kibod, ku kai takardar wurin lauyan da ya san harkar haƙƙin mallaka, ba lauyan kamfanin ba, ku biya shi ko da rance ne. Ku tambayi abu huɗu a rubuce. Kuɗin da za a ba shi da na bidiyo, kyauta ne ko daga kasonsa za a cire? Asalin naɗin waƙoƙin zai dawo hannunsa, kuma bayan shekara nawa? Sunan da yake waƙa da shi nasa ne ko na kamfani, domin Ronny da bai fita da sunansa a hannu ba da ba abin da zai dawo da shi a 1997. Sannan in kamfanin ya ajiye shi bai fitar da komai ba, ko aka sayar da kamfanin ga wasu, yana da ikon fita? In sun ƙi amsa na biyu da na uku, ku nemi a rage shekarun zuwa biyu. Kai ma ka duba inda aka sa sunanka a matsayin mai kiɗa, don takardar ta shafe ka.

Mai Kibod:
Na kwafe su duka, Yaya, Allah Ya saka da alheri. Sunana ba ya ciki ko sau ɗaya, yanzu na sake dubawa. Zan kira mahaifin yaron bayan la'asar mu nemi lauya kafin su sake turo mutum.